Yadda za ka ceci tsuntsun daji da ya ji rauni

In yaran unguwa sun harbo shirwa ko hazbiya da danƙo sun kawo maka, don Allah kar ka fara da ba shi ruwa. Nan ne kusan kowa ke kashe tsuntsun da hannunsa alhali taimako ya nufa. Ni ma haka na rasa wata mujiya da muka tsinta a gindin ganuwa, na buɗe bakinta na ɗura mata ruwa da sirinji, ko minti goma ba a yi ba ta mutu a hannuna, har yau abin yana cina. Ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, ruwan da ka ɗura huhu yake wucewa, ballantana tsuntsun da ya galabaita ba ya iya haɗiya. Sai ya dawo hayyacinsa ka ajiye masa ruwa a murfin kwalba ya sha da kansa. Madara kuwa sam, cikinsu ba ya narkar da ita.

Wajen kamu ka lulluɓe shi da tawul har kai, duhu na kwantar masa da hankali. Shaho da mujiya faratansu za ka kiyaye, zalɓe kuma ido yake kai wa sara.

Kwali za ka sa shi, ba keji ba, keji yana karya gashin fiffike. Kwalin taliya ma ya isa, ba sai ka kashe ko sisi ba, ka huda shi ka shimfiɗa tsumma. Zafin jikin tsuntsu ya kai digiri 40, shi ya sa sanyin hunturu ke gamawa da shi da wuri, sai ka zuba ruwan ɗumi a gora ka naɗe da tsumma ka ajiye gefe guda. Ka rufe, ka kori yara, awa biyu kar wanda ya leƙa.

Ciwo a wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Ban da baƙin mai, ban da toka, ban da maganin mutane. Diclofenac, maganin ciwon jiki na mutane da aka riƙa ba shanu, shi ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya.

Karaya ko cizon mage, ranar nan ka kai shi asibitin dabbobi, in kana Zariya na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) a Samaru, ƙashin tsuntsu yana saurin haɗewa, in ya haɗe a karkace tashi ya ƙare. Kar ka haɗa shi da kajinka, a Jaji nan kusa da mu murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, kuma ka wanke hannu da sabulu.

In ya warke ka sake shi inda aka tsince shi, mujiya da magariba, sauran da safe.