Kurakuran da ke kashe kifin diskas a gida

Duk wanda ya turo mini hoton diskas ɗinsa ya yi baƙi ƙirin, ya maƙale a lungun akwatin gilashin da ake kiwonsa, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wane magani zan sa?" Har yau ban ga wanda ya fara da faɗin abin da ya yi wa ruwan ba. Sai na yi ta tono, sannan a ce ai shekaranjiya an wanke matatar ruwan akwatin, ko an kawo sabon kifi, ko an kwana biyu babu wuta. Ruwa ba ya tsami banza. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum goma, shi ya sa na zauna na rubuta.

Diskas kifin kogin Amazon ne, daga ƙasashen Barazil da Peru da Kolombiya. Dangin karfasa ne a wajen masana, amma kada wannan ya ruɗe ka, ba shi da ko rabin juriyar karfasa. Wani masani ɗan Ostiriya, Johann Jacob Heckel, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1840. Ruwan da ya fito daga ciki mai ɗumi ne, mai laushi, wato marar gishirin ƙasa da yawa, wani wurin kamar kogin Negro launinsa kamar baƙin shayi. Waɗanda ke zuwa kasuwanninmu yawancinsu haihuwar gona ne daga Malesiya da Tailan, wasu daga Jamus. Sun fi na daji haƙuri, amma ba su yafe ƙazanta ba, ba su yafe sanyi ba.

Bari in fara da wanda ya fi ci mini rai.

Ana saura kwana biyu Sallah, gida ya ɗauki shara da goge-goge, ni ma na ce bari in yi wa kifayena kwalliya. Guda bakwai ne, na raine su tun suna kamar murfin kwalba har suka kusa tafin hannu. Na ciro sosunan matatar ruwan, na gan su sun yi ruwan ƙasa, suna yauƙi. Na kai su bakin famfo na dirje su tas har suka koma kamar sababbi. Na kwashe kusan duk ruwan akwatin na zuba sabo. Ranar Sallah baƙi suka yi ta yaba hasken ruwan, ni kuwa ina ta washe baki. Kwana uku bayan haka kifayen suka daina cin abinci, suka taru a sama suna haki. Cikin mako guda na binne biyar.

Abin da na wanke ɗin nan ba datti ba ne. Kifi yana fitar da amoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. Amoniya guba ce. A jikin soson nan akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da ita wani sinadari da ake kira naitirait, wasu kuma su mayar da shi naitiret, wanda ba shi da haɗari sosai sai ya taru. Ruwan famfo yana da kulorin, aikinsa ke nan kashe bakteriya, bai san mai amfani da marar amfani ba. Na kashe ma'aikatana da hannuna. Naitirait ya hau, shi kuwa jini yake shiga ya hana shi ɗaukar iska, shi ya sa kifi yake haki alhali famfon iska yana aiki. Garin gyaran gira na rasa ido.

Tun daga ranar, soso ba ya ganin ruwan famfo a gidana. Ina ɗibar ruwan akwatin a bokiti, in matse soson a ciki sau uku ko huɗu, in mayar da shi da sauran launinsa. Matata biyu nake sawa a kowane akwati, kuma ba na taɓa su a mako ɗaya. Wanda ya ce maka ruwa mai haske shi ne ruwa mai kyau, bai san kifi ba. Amoniya ba ta da launi. Ka sayi kayan gwaji na ɗigo, ka gwada: amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ni ba na barinsa ya wuce 20. In ka riga ka yi irin ɓarnar da na yi, ka daina ba da abinci kwana biyu, ka riƙa canja rabin ruwa kullum da ruwan da aka cire wa kulorin, ka roƙi wani mai kiwo ya ba ka tsohon sosonsa. Ɗan gishiri yana rage cutarwar naitirait, amma ba ya cire shi.

Wannan kuskuren yana da ƙane: a sayi akwati da safe, a cika shi da rana, a zuba diskas da yamma. Sabon akwati ba shi da bakteriyar nan ko kaɗan, kuma tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta kafu. Mai shago ba zai gaya maka ba, don yana son ka tafi da komai yau. Ka bar akwatin yana aiki babu kifi, kana jefa ɗan abinci ya ruɓe, kana gwadawa, har ka ga naitirait ya hau ya sauko sifili. In ba za ka iya jiran wata guda da akwati wayam a falo ba, wallahi ka bar diskas, ka nemi wani kifin.

Na biyu shi ne hunturu, kuma nan ne littattafan waje ba sa taimakonmu, don masu rubuta su ba a ɗauke musu wuta. Diskas yana son ruwa tsakanin digiri 28 zuwa 30. Mutum ya ce ai ƙasarmu zafi gare ta, me zan yi da hita? Haka ne a watan Afrilu. A watan Disamba da Janairu kuwa, a Kano ko Zariya, daren yakan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan akwati ya bi shi a hankali. Ni ina da hita, amma na dogara da wuta. Aka ɗauke ta dare biyu a jere, na duba ma'aunin zafi da asuba na ga 22. Babu wanda ya mutu a ranar, sai na ce Alhamdulillahi na tsira. Ashe ba a gama ba. Bayan kwana goma, sai biyu daga cikinsu suka yi duhu, suka daina ci, suna jan farin kashi mai yauƙi kamar zare. Sanyin ya karya musu garkuwar jiki, ƙwayoyin cutar da ke kwance cikin hanjinsu suka samu dama. Na ceto ɗaya da maganin metronidazole da ɗaga zafin ruwa zuwa 31. Ɗayan ya rame har goshinsa ya zama kamar reza, ya tafi.

Kuma ba hita kaɗai ke tsayawa ba in wuta ta tafi. Rufaffiyar matata, irin mai kama da tukunya da ake ajiyewa a ƙarƙashi, in ta yi awoyi da yawa ba ta juya ruwa, bakteriyar ciki tana shaƙewa. Wuta na dawowa sai ta amayo ruɓaɓɓen ruwa cikin akwatin. In ta wuce awa huɗu ko biyar a tsaye, ni cire ta nake yi daga soket, in zubar da ruwan cikinta kafin in sake kunnawa. Dalilin da ya sa na koma matatar soso mai aiki da iska ke nan: ƙaramin famfon iska mai batir ya ishe ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sayi kifin, ka yi lissafin wutar. Yanzu akwatina yana kan inbata, kuma daga Nuwamba nake manna kwalin soso fari, irin na cikin kwalin firji, a baya da gefuna biyu. Da dare in lulluɓe shi da bargo. Uwargida har tsiya take yi mini, wai kifi ya fi yara samun gata. In abin ya ƙure, ina cika robobin ruwa da ruwan zafi, in rufe su gam, in sa su yi yawo a saman akwatin. Kada ka kuskura ka tuttula tafasasshen ruwa kai tsaye. Hita kuma biyu nake sawa masu matsakaicin ƙarfi maimakon babba ɗaya, kusan wat ɗaya ga kowace lita in an haɗa su. In ɗaya ta lalace ɗayar ta riƙe, in ɗaya ta maƙale a kunne ba za ta dafa kifin ba. Da bazara kuma matsalar juyewa take: ruwa ya haura 33, iskar cikinsa ta ragu. Buɗe murfi, sa fanka ta hura saman ruwan, ƙara famfon iska. Ƙanƙara ba ta shiga akwatina.

Sai ku masu kwaɗayin sabon kifi. Ka raini naka shekara guda lafiya lau, ka shiga shago ka ga wani ja mai kyau, ka kawo shi ka juye cikin sauran a daren. Haba ɗan'uwa! Ka san gonar da ya fito? Ka san da wa ya kwana a hanya? Kifin da ke ɗauke da tsutsar da ke maƙalewa a wurin numfashi yana iya zama garau a ido, ya zo ya zuba wa naka. Sabon kifi akwatinsa daban, bokitinsa daban, ragarsa daban, mako huɗu aƙalla, ni shida nake yi. A makon ƙarshe nakan ɗauko mafi ƙarancin daraja cikin nawa in sa shi tare da baƙon. In ya kwana goma lafiya, sai a haɗa su. Wasu suna ganin wannan rashin tausayi ne. Gara in saka ɗaya cikin haɗari da in saka takwas.

Tun da mun shiga shago, ka koyi duba ido. Diskas da ya tsumbure jikinsa ya tsaya amma idonsa ya ci gaba da girma, sai ka ga ido ƙato a ƙaramin jiki, siffarsa kuma ta yi tsawo kamar ƙwai maimakon faifai. Wannan ba zai ƙara zama komai ba ko nawa ka ciyar da shi. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, ɗan jefa musu abinci in gani." Wanda ya rugo shi ne naka. In ya fara kame-kame wai yanzu suka ci, ka yi masa sallama. Araha ba ta ado.

Kada ka sayi biyu don kuɗinka bai kai ba. Babban zai tasa ƙaramin a gaba har ya hana shi ci. Shida ne mafi ƙaranci, faɗan sai ya rarrabu. Kowane babba yana kai santimita 15 ko fiye, ka ba shi lita 40, wato akwatin da bai kai lita 250 ba ɓata lokaci ne.

Maganar pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ta haukata mutane da yawa. An karanta cewa ruwan Amazon yana ƙasa da 7, sai a sayo kwalbar sinadari ana ɗigawa, yau 6, gobe ya koma 7.6, jibi a sake ɗigawa. Wannan hawa da saukar ta fi ruwa mai nauyi, wato mai yawan gishirin ƙasa, illa. Diskas ɗin gona yana zama lafiya a ruwan burtsatse na 7.5 matuƙar ba ya canjawa. Sai in kana son ƙwai ya ƙyanƙyashe, ko ka samu na daji, sannan ka nemi na'urar tace ruwa mai cire gishirin ƙasa. Abin da nake yi kawai shi ne duro: ruwa ya kwana a ciki da famfon iska da hita kafin ya shiga akwati. Ruwan burtsatse yana fitowa da ƙarancin iska, kuma pH ɗinsa yakan motsa bayan ya sha iska, gara ya motsa a duro. Na famfo ina ɗiga masa maganin cire kulorin ko da ya kwana. Na 'yan garuwa kuwa sai na gwada, don rijiyar da ke kusa da masai tana iya zuwa da naitiret ɗinta tun daga tushe. Manya ina canja musu kashi ɗaya cikin uku sau biyu a mako. Ƙanana rabi kullum, a akwatin da babu yashi a ƙasansa, don in ga kowane ɗigon kashi in zuƙe. Akwai masu yin ƙasa da haka kuma kifinsu na raye. Su suka sani.

Zuciyar sa abinci ce mai sa girma, amma sai an cire kitse da jijiya tas, kuma tana ɓata ruwa fiye da komai. Ni ina niƙa ta da jatan lande da ɗan alayyafo, in daskarar a firiza, in ba su sau uku a mako, sauran kwanakin abincin gwangwani mai nutsewa a hankali. Abin da ba su cinye cikin minti goma ba, fitar da shi. Tsutsar kwata kada ta shiga gidanka.

Kifin zinariya na ruwan sanyi ne, ba ya zama da diskas. Babban kifin nan mai maƙalewa da baki yana lasar dattin gilashi yakan koma shan yauƙin jikinsu da dare. Kada ka ɗora akwati a ƙasa ko bakin ƙofa, inuwar masu wucewa tana firgita su. Yara su daina ƙwanƙwasa gilashi. Kafso na mutane da ake ɓarewa a zuba "ko da wani abu" yana iya kashe bakteriyar matata, ka koma inda na fara. Hannun da ya sha man shafawa ko turare ba ya shiga ruwa.

Maganin sauro na fesawa kuma, wannan sai ka tara mutanen gida ka yi musu bayani da bakinka, don ba kai za ka fesa ba, wani ne zai yi kana masallaci. Abin da ke kashe sauro a cikinsa yana kashe kifi ko da kaɗan ne, kuma famfon iska zuƙo iskar ɗakin yake yi ya tura ta cikin ruwa. A gidana ba a fesawa a falo, ba a kunna na hayaƙi. In dole ta sa, sai a kashe famfon iska, a rufe akwatin da leda da jiƙaƙƙen zane, a buɗe tagogi bayan rabin awa, warin ya fita sarai kafin a sake kunnawa. Na rubuta wannan da babban baƙi na manna a jikin ƙofar falon, har yanzu takardar tana nan.