Yadda Ake Shirya wa Gwajin Shiga Sashen Wasan Kwaikwayo da Rawa a Jami'a

Malaman da za ka tarar a zaune ranar gwaji sun ga ɗaruruwan yara kafin kai, kuma za su ɗauki wanda za su yi shekara uku ko huɗu suna aiki da shi kullum. Saboda haka abin da suka fi zuba wa ido shi ne ko za ka koyu: in an ce ka sauya, ka sauya, in an haɗa ka da wani, ka saurare shi, in magana ta kuɓuce maka, ka kamo ta ka ci gaba. Baiwa tana da amfani, amma yaro mai baiwa da ba ya jin gyara wahala ne ga aji. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na 1: Gyara takardunka, ka karanta sanarwa

A Najeriya ƙofar farko JAMB ce. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, kuma Adabin yana cikin darussan da za ka zauna a jarrabawar JAMB ɗin. Yara da yawa masu hazaƙa a nan suke tsayawa, domin sun yar da Adabi tun a aji huɗu na sakandare. Idan kai ne, sake zaunawa ka samo shi tukuna.

Ba kowane sashe ne ke kiran gwaji ba. Wani makin JAMB da Post-UTME kawai yake dubawa, wani ya ƙara da ganawa, wani ya ce sai ka hau dandamali. Tsarin yakan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar jami'ar ta bana ita ce abin bi, ba labarin wani da ya shiga shekara biyar da suka wuce ba. Ko sashenka bai yi gwajin shiga ba, shirin ba zai tashi a banza ba, domin da ka shiga za ka tarar da gwaji ake raba matsayi a wasannin da ake shiryawa. A Ingila da Amurka kuwa gwajin shi ne ginshiƙi. Makarantar wasan kwaikwayo ta RADA da ke Landan, wadda aka kafa a 1904, zagaye-zagaye take tace masu nema. Makarantar Juilliard ta New York tana so mai neman sashen wasa ya zo da jawabi huɗu a ka, biyu na tsoffin wasanni, biyu na zamani, kowanne kamar minti biyu, ya kuma rera ɗan gajeren baiti ba tare da kiɗa ba.

Mataki na 2: Zaɓi jawabin da ya dace da kai

Jawabin ɗan wasa shi kaɗai shi ne zuciyar gwajin, kuma a wurin zaɓensa ake yin rabin nasara. Ɗauko shi daga rubutaccen wasan kwaikwayo, ba daga fim ba. Wanda ya ɗauko daga fim, ko ya so ko bai so ba, muryar jarumin da ya gani zai kwaikwaya, malamai kuwa kai suke son gani. Zaɓi mutumin da shekarunsa suka yi kusa da naka. Ɗan shekara 18 da ya ranƙwafa yana makyarkyata don ya zama tsohon sarki ya ɓoye duk abin da aka zo dubawa.

Karanta wasan gaba ɗaya, ba shafin da za ka haddace kawai ba. Tambaya ta farko da za a iya jefo maka ita ce, "Me ya faru kafin wannan maganar?" Wanda bai karanta ba nan take ake gane shi. Sannan ka amsa wa kanka abu uku: da wa nake magana, me nake so ya yi mini, me zan rasa idan ya ƙi? Jawabi mai kyau shi ne wanda mai yinsa ke neman wani abu a hannun wani: uwa na roƙon ɗanta kada ya tafi, bara na neman haƙƙinsa a wurin ubangidansa. Wanda ke ba da labarin abin da ya wuce kawai yakan mutu a baki.

In an ce biyu, su bambanta: ɗaya mai nauyi, ɗaya mai sauƙi ko ban dariya. In an ce tsohon wasa a makarantun Ingila, galibi Shakespeare ko marubutan zamaninsa ake nufi; nemi ma'anar kowace kalma kafin ka haddace, don ba a iya wasa da abin da ba a fahimta ba. Shawarata kuma, ka riƙe wani jawabi da Hausa a ajiye. In an tambaye ka ko kana da wani, ka nemi izini ka yi shi. Mutum yakan sake jiki cikin harshen uwarsa ta yadda ba ya yi da Turanci, kuma malami mai ido zai lura.

Kada ka wuce lokaci. In an ce minti biyu, tsaya a minti ɗaya da daƙiƙa 45.

Mataki na 3: Hadda, numfashi da murya

Mu mutanen allo ne, hadda ba baƙuwarmu ba ce, amma akwai tarko: hadda da rauji ɗaya. Idan ka saba faɗin jawabi da murya iri ɗaya sau ɗari, ranar da aka ce ka sauya ba za ka iya ba. Haddace shi a miƙe, ba kwalliya, kana tafiya, kana wanki, kana shara, har kalmomin su zauna ba tare da kiɗansu ba. Fara wannan aƙalla wata biyu kafin ranar.

Ƙarfin murya daga numfashin ciki yake tasowa, ba daga matse maƙogwaro ba. Kwanta rigingine, ɗora hannu a cibiya, ja numfashi har hannun ya ɗaga, ka sake shi a hankali da sautin "sss". Minti goma kullum ya isa. Sannan fita tsakar gida, ka sa ƙaninka ya tsaya a bakin zaure, ka yi magana ya ji kowane harafi ba tare da ka yi ihu ba. Wannan ba wasa ba ne: gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da ƙasa a shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, filinsa a buɗe yake, kuma muryarka ce za ta kai saƙo layin baya.

Mataki na 4: Idan rawa ce

Gwajin rawa yawanci kashi biyu ne. Da farko a haɗa ku aji guda, malami ya nuna taku, ku maimaita. Ana duba kunnenka da kiɗa, saurin ɗaukarka, da yadda kake yi idan ka ɓace. Ka ɓace, kada ka tsaya kana dafe kai. Bi kiɗan ka sake shiga. Kada kuma ka laɓe a layin baya. Makarantun Turai da Amurka galibi da ajin rawar bale (ballet) da na rawar zamani suke farawa, saboda haka mai nufin can ya nemi wanda zai koya masa tushensu tun da wuri.

Kashi na biyu rawarka ce kai kaɗai, minti ɗaya zuwa biyu. A nan ina roƙon yaranmu su daina raina abin gida. Wanda ya iya Koroso ta Kano da gaske, da kacau-kacau a ƙafa da ƙarfin da take ci, ya fi wanda ya kwaso guntun taku daga TikTok ya jera. Haka Swange ta Tibi, Bata ta Yarabawa, Atilogwu ta Ibo. A Jami'ar Gana da ke Legon, inda aka kafa ƙungiyar raye-rayen ƙasar a 1962, raye-rayen gargajiya ilimi ne da ake nazari a aji. Sai dai ka san abin da kake takawa: ta su wa ce, a wane biki ake yin ta, wane kiɗa ke raka ta. Ka tsara mata farko, tsakiya da ƙarshe, ka kuma tsaya cak idan ka gama. Kiɗanka ya kasance a waya da kuma filashi, kada ka dogara da intanet.

Ɗumama jiki minti 20 kafin a kira ka. In kana da tsohon targaɗe, faɗa wa malamin tun farko.

Mataki na 5: Idan bidiyo aka nema

Tun daga 2020 makarantu da dama bidiyo suke karɓa a zagayen farko. Waya ta isa. Kwantar da ita a kwance daidai tsayin ido, bango fili a bayanka, haske a gabanka. Ɗauka da sassafe kafin janareto da masu talla su tashi. Mai jawabi daga ƙugu zuwa sama, mai rawa duk jiki har tafin ƙafa. Ɗauka ɗaya, ba yanke-yanke.

Mataki na 6: Ganawa

"Me ya sa kake son wannan karatu?" Za a tambaya, kuma "tun ina yaro nake sha'awa" ba amsa ba ce, kowa haka zai ce. Kawo abu takamaimai: wasan da ka shirya a makaranta, tashen da kuka yi a unguwa da azumi, abin da ya faru a fuskar masu kallo. Tashe wasan kwaikwayo ne cikakke, da shiga, da waƙa, da hannunka-mai-sanda ga jama'a. Haka wasan gauta, haka wasan kara na Damagaram. Wanda ya iya bayyana wannan ya nuna yana tunani a kan sana'ar.

San makarantar da kake nema. Ibadan ce ta fara buɗe makarantar wasan kwaikwayo a jami'o'in Najeriya a farkon shekarun 1960. Zariya ta yi suna da wasan raya karkara, inda ɗalibai ke shiga ƙauyuka irin su Bomo da Maska su shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Jos ta haɗa wasa da fim, Ilorin ta haɗa wasa da kiɗa da rawa, Bayero kuma tana Kano, cibiyar finafinan Hausa. Ka iya faɗin dalilin da ya sa ka zaɓi wannan ba waccan ba. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ce ba ka sani ba. Ka nuna kuma ka san aikin bai tsaya a fitowa gaban jama'a ba: akwai rubutu, ba da umarni, haske, sutura, ginin dandamali.

Akwai ganawar da ta riga wannan, wato ta gida. Iyaye da yawa suna jin "wasa" ko "rawa" sai gabansu ya faɗi, kuma tsoronsu na ƙauna ne. Zauna da Baba da Inna cikin ladabi, nuna musu jerin darussan, faɗa musu inda masu wannan digiri ke aiki: rediyo da talabijin, koyarwa, hukumomin al'adu, ƙungiyoyin wayar da kai kan lafiya. In da hali, wani malami ko kawu da suke ganin girmansa ya sa baki. 'Yan mata kuma ku sani: ana yin gwaji da hijabi ko mayafi, a ɗaure shi yadda fuska za ta fito, da dogon wando da riga mai yalwa. Gwajin jami'a a cikin sashe ake yinsa, a gaban malamai, bisa sanarwar hukuma. Duk wanda ya kira ki otal ko gidansa, ko ya ce a tura kuɗi asusunsa, macuci ne.

Mataki na 7: Ranar gwajin

Isa wurin awa ɗaya kafin lokaci, da takardunka, da ruwa, da kaya marasa ado da za ka iya durƙusawa a cikinsu. Yi sallama, gaida malamai, faɗi sunanka da sunan wasan da na wanda za ka fito a matsayinsa. Tarbiyyarmu ta sunkuyar da kai gaban manya abu ne mai kyau, amma a nan ɗago fuska, don da ita za a auna ka. Lokacin jawabi kada ka kafa wa malami ido. Zaɓi wuri a bango, ɗan sama da kawunansu, ka ajiye abokin maganarka a can.

Bayan ka gama, mai yiwuwa wani ya ce, "Sake yi, amma yanzu kana raɗa, kada wanda ke barci a ɗakin ya farka." Wannan ba alamar ka kasa ba ce, sau da yawa ma alama ce ta an ga abin da za a yi aiki da shi. Kada ka yi musu cewa bai dace da wasan ba. Ɗauki daƙiƙa biyar, ka yi yadda aka ce ɗin har ƙarshe, ko da ya rushe duk abin da ka shirya. Don ka saba, tun a gida sa aboki ya riƙa jefo maka irin waɗannan umarni: yi kana dariya, yi kana sauri za ka rasa mota, yi kana zaune ba motsi. In an dakatar da kai a tsakiya, yi godiya ka fita. Sau da yawa sun riga sun ga abin da suke nema. Da ka fita, rubuta tambayoyin da aka yi maka da gyaran da aka ba ka tun ba ka manta ba, ka yi aiki a kansu kafin makaranta ta gaba ta kira.