Kurakuran istimarar mota a Saudiyya da yadda ake gyara su

Yawancinmu a Jidda da Makka idan aka kammala cinikin mota, ido yana kan inji da taya da na'urar sanyi. Istimara kuwa, wato takardar rajistar mota, sai a jefa ta aljihun mota ba a karanta ba. Kuskuren da ke cikinta yana nan kwance har ranar fahas, wato gwajin lafiyar mota, ko ranar sayarwa, ko kuma, Allah ya kiyaye, ranar da aka yi hatsari aka kira Najm, kamfanin da ke duba hatsari a madadin kamfanonin inshora.

Wanda ya fi kowanne cin rai shi ne na lambar shasi. Haruffa ne da lambobi 17, kuma guda ɗaya idan ya sauya, a hukumance wata mota ce daban. Inda aka fi zamewa shi ne tsakanin 5 da S, 8 da B, 2 da Z. Ku riƙe wannan: lambar shasi ba ta ɗauke da I, O ko Q, don haka duk abin da ya yi kama da O sifiri ne. Kada a tsaya ga abin da dillali ya karanto. A leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, a duba takardar da ke manne a jikin ƙofa, a gwada su da istimara da kuma abin da Absher, manhajar hidimomin gwamnati, ya nuna, harafi bayan harafi. Idan jikin motar ne ya saɓa da kansa, wato lambar gilashi daban ta ƙofa daban, to wannan ya wuce kuskuren rubutu. Ni shawarata a fasa cinikin, komai arhar motar.

Idan kuwa takarda ce ta saɓa, gyaran yana hannun Murur, hukumar kula da zirga-zirga da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. A nemi lokacin ganawa ta Absher, a tafi da motar kanta, da istimara, da iƙama (katin izinin zama), da takardar da ta nuna asalin bayanin: katin kwastan na shigo da motar, ko wasiƙa daga wakilin kamfanin. Jami'i ba zai canza komai don ka rantse masa ba, hujja yake so ya gani. Kuma in kuskuren tun daga katin kwastan ya faro, sai an koma can tushen an gyara.

Akwai abin da ke tayar wa mutane hankali alhali ba kuskure ba ne. Haruffan Larabci da na boko a allon lambar motar Saudiyya ba duka suke bin sauti ba: ح yana tafiya da J, م da Z, ص da X. Mutum sai ya ga haka ya ɗauka an yi masa ɓarna. Haka tsarin yake, babu abin gyarawa.

Launi ma yana kama mutane. An sake fenti, fara ta koma baƙa, istimara tana nan tana cewa fara. Izinin Murur ake fara nema kafin a kai wa mai fenti. Wanda ya riga ya yi, ya je ya daidaita tun kafin a tsayar da shi a hanya.

Abin da ya fi damuna a cikinmu shi ne sayar da mota a kan amana ba tare da an mayar da suna ba. Ɗan'uwa ne, maƙwabci ne, sai a ce a bari sai an samu sarari. To duk tarar da kyamarar Saher, mai kama laifukan tuƙi, ta ɗauka, sunan da ke istimara take bi, kuma tarar da ba a biya ba tana tsayar da sabunta istimara. Na ga zumunci ya yi tsami a kan wannan. A mayar da suna ranar da kuɗi ya shiga hannu, ta Absher ko a ma'arad, wato wurin sayar da motoci. In aro ne aka bayar, a yi tafwili, wato ba mai aron izinin tuƙa motar, a Absher.

A kula da ranar ƙarewa idan da lissafin Hijira aka rubuta ta, don shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11.

Masu bin takardu suna da amfaninsu, amma kada a ba kowa kalmar sirrin Absher ko lambar da ake turowa a waya, ko da ya ce gyaran ba zai yiwu sai da ita.

Bayan an gyara istimara, a sanar da kamfanin inshora a ranar. Takardar tamin, wato inshora, da aka fitar a kan tsohuwar lamba ba ta gyara kanta, kuma saɓani tsakaninta da istimara yana iya jinkirta biyan diyya.