Kurakuran masu neman furen okid a daji

Kuskuren da aka fi yi shi ne dogaro da launi. Mutum ya ga fure mai ɗigo-ɗigo, ya gwada shi da hoton da ke wayarsa, ya ce ai shi ne. Alhali okid ya kai iri kusan 28,000, kuma ko a iri ɗaya launi yakan saɓa daga wannan tsiro zuwa wancan. Gara ka durƙusa ka ƙirga. Ganyen furen shida ne, uku a waje, uku a ciki. Ɗaya daga cikin na cikin ya fita daban, yawanci ya zubo ƙasa kamar leɓe, nan ƙwaro ke sauka. A tsakiya akwai ɗan tsinke guda inda sashen namiji da na mace suka haɗe, garin furen kuma a dunƙule yake, ba ya tashi. Siffar leɓen nan ita ce ke raba iri da iri, saboda haka ita za ka fi ɗauka a hoto, daga gaba da kuma ta gefe.

Wasu kuma da sun gan shi maƙale a reshe sai su ce kauci ne. Kauci yana tsotsar bishiya. Okid masauki kawai ya nema, saiwoyinsa masu kauri daga ruwan sama da raɓa suke sha.

Sai gaggawar cewa ya ƙare. Masu tsirowa a ƙasa sukan yi shekaru a ɓoye. A Ingila an ɗauka wani okid mai suna Cypripedium calceolus ya ɓace tun 1917, sai ga tsiro ɗaya tak a Yorkshire a 1930. Don haka rubuta kwanan wata, irin ƙasar, yawan inuwa da damshi, da bishiyoyin da ke kewaye, ka sake komawa baɗi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai tonowa ya kai gida. Irin shuka na okid kamar ƙura yake, ba shi da guzuri, sai wani naman gwari mai kama da zare a cikin ƙasa ya ciyar da shi kafin ya tsiro. Ka raba shi da wurinsa, galibi mutuwa zai yi. Kai shi ƙetare kuma sai da takardar izini ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Kafin ka sa hoton a intanet, goge bayanin wurin da waya ke liƙa masa, don masu tono ma suna bibiya.