Kafin ka fito da tsohon jirgin filafilai ka tsallaka Atilantika

Duk shekara wajen ƙarshen Nuwamba jiragen filafilai na taruwa a Las Palmas, tsibiran Kanari, su nufi tsibirin Saint Lucia a yankin Karibiyan, tafiyar kusan mil 2,700 ta teku, ba gari ba makanike. Wasunsu jiragen shekarun 1980 ne, jikinsu garau, amma wayoyin da ke riƙe da sandar filafilai da tagogin ɗaki, nan ne matsalar take.

Fara da wayoyin. Galibi sitinles ne samfurin 316, wayar nan mai sili 19. In sun haura shekara 10 zuwa 15 canza su kawai, kamfanonin inshora ma da yawa a shekara 10 suke fara tambaya. Kar ƙyallin ya ruɗe ka, sitinles mugun munafuki ne, waje yana sheƙi ciki ya ruɓe, don shi tsatsarsa a inda iska ba ta kai wa take yi. Duba kan wayar na ƙasa, inda aka matse ta da inji, ruwan gishiri yana gangarowa ya kwanta a ciki. Ka ga jan layi kamar gashi ko sili ɗaya ya tsinke, to magana ta ƙare. Ni dai na fi son kawunan waya samfurin Sta-Lok ko Hi-Mod, da sifana biyu kake haɗa su, in abu ya ɓaci a tsakiyar teku kai ne makanikenka.

Amma ainihin inda mutane ke tsallakewa shi ne faifan ƙarfen nan da wayar ke ɗaure da shi, wanda ya ratsa daben jirgi ya sauka ciki aka ɗaure shi da bol. Sama lafiya, ƙasa lafiya, ɗan tsakiyar da ke binne cikin dabe kuwa ba ka ganinsa. Sai ka kwance shi gaba ɗaya, eh na sani aiki ne, wani lokacin sai an ɓalle kabad. Na ga wanda aka zaro, daidai wurin da ya shige dabe duk ramuka kamar gara ta ci, mai jirgin kuma sabbin wayoyi ya saka wata biyu da suka wuce, wallahi shiru ya yi. Goge shi tas, ka fesa jan ruwan gwaji mai fito da tsaga fili, ka duba katakon da aka ɗaure shi ko ya jiƙe. In da shakka a ƙera sabo.

Wajen ɗaurewa, wayoyin gefe na sama kamar kashi 15 cikin ɗari na ƙarfin tsinkewarsu ake ja. Ba ka da ma'auni? Manna tsinken awo mai mita 2 jikin wayar, duk miƙewar milimita 1 kashi 5 ne, kenan milimita 3 kake nema. Shafa Tef-Gel, man hana ƙarfe ciwa, duk inda sitinles ya taɓa alminiyom, kar ka manta fil ɗin makulli mai hana ɗaurin kwancewa.

Sai tagogi. Tsohon akirilik, wato robar nan mai kama da gilashi, rana na cinye shi, ka haska tocila daga gefe za ka ga ƙananan tsage-tsage kamar gidan gizo, wannan igiyar ruwa ɗaya mai kyau ta ishe shi. Wasu na cewa Lexan, wata robar taga ta daban, ya fi jure duka, gaskiya ne, sai dai saurin karcewa gare shi kuma yana rawaya. Akirilik mai kaurin milimita 10 zuwa 12 ya wadatar ga taga matsakaiciya. Yi amfani da tsohuwar a matsayin ma'aunin yanka, ka bar sabuwar ta hau kan bango kaɗan ta kowane gefe, ramin bol kuma ka buɗa shi ya fi bol ɗin faɗi don roba ce, tana kumbura da zafi, in ka matse ta nan za ta tsage. Gam kuwa Dowsil 795 ko Sikaflex 295 UV, a sa shi da kauri, kar a matse duka ya fito. Asiton kuma, sinadarin goge gam da fenti, kar ya kusanci akirilik ko da wasa.

Manyan tagogin a yanka musu murfin katako ko alminiyom don kariya daga igiyar ruwa, a huda ramukan tun a tasha, ka gwada ɗaura su sau ɗaya da rana ido na ganin ido, sannan ka rubuta wa kowanne lambar tagarsa da alƙalamin maka.