Lissafin 'yancin motsin sandunan inji: inda ɗalibai ke tuntuɓe

Duk lokacin da ƙannenmu na Mai Wurno da Sinnar masu karatun injiniyancin makanikai suka kawo mini takardunsu in duba, wannan lissafin ne nake fara nema, wanda malamai ke kira darajatul hurriyya da Larabci. Abin da yake tambaya ɗaya ne: hannu nawa, ko injin juyawa nawa, ake bukata kafin a mallaki motsin wani haɗin sanduna da ke aiki a shimfiɗe? Ƙa'idar gajera ce, ana jingina ta ga Bajamushen nan Martin Grübler, sannan Karl Kutzbach ya faɗaɗa ta a 1929:

M = 3(n − 1) − 2a − b

M ita ce amsar da ake nema, n adadin sanduna ne, a mahaɗai masu barin motsi ɗaya tak, kamar fin ko zamiya, b kuwa masu barin motsi biyu, kamar haƙoran giya ko kam, wato ƙarfe mai ƙusumbi da ke juyawa yana tura wani ƙarfe mai binsa. Uku ɗin nan daga ina? Ɗora littafi a kan tebur: yana zuwa gaba da baya, yana zuwa hagu da dama, yana juyawa. Ban cika ganin wanda ya manta ƙa'idar ba. A wurin ƙirga ake faɗuwa.

Kuskure na farko, mantawa da gindi. Je wurin tela a kasuwa ka duba keken ɗinki na ƙafa. Akwai matakin ƙafa, akwai sandar da ke hawa da sauka, akwai babbar ƙafar da ke juyawa. Ɗalibi sai ya ce uku ne, ya samu 6 − 8, wato −2, alhali ga tela yana ta ɗinki a gabansa. Ƙarfen da keken ke tsaye a kai shi ma sanda ne, shi ne "1" ɗin da ake cirewa. Sanduna 4, mahaɗai 4, 9 − 8 = 1: ƙafar tela ɗaya ta isa. Kuma ko a wuri biyar aka zana alamar ƙasa mai nuna gindi, gindin ɗaya ne, kada a ƙirga shi sau biyar.

Na biyu shi ya fi cin maki, kuma yana ba ni takaici don gyaransa ba wuya. Idan sanduna uku suka taru a kan fin ɗaya, ido yana ganin mahaɗa ɗaya, amma biyu ce. Ka ɗauki ɗaya a matsayin mai riƙe da fin ɗin, sauran biyun kowacce tana juyawa a kanta daban. Sanduna huɗu a fin ɗaya, mahaɗai uku ke nan. Kullum a rage ɗaya. A haɗin sanduna 6 mai irin wannan fin, wanda ya ƙirga da ido zai ga mahaɗai 6 ya samu 3, wanda ya ƙirga daidai zai ga 7 ya samu 1. Shawarata, ka sa wa kowace sanda lamba tun kafin ka taɓa ƙa'idar, sannan ka rubuta kowace mahaɗa da lambobin sandunan da ta haɗa.

Ƙarfe biyu da aka yi wa walda sanda ɗaya ce, komai lanƙwasarta. Sifirin ba ya shiga lissafi, ƙarfi yake bayarwa, ba ya hana motsi.

Silindar haidirolik ta tifa tana da ban sha'awa. Gida da sandar cikinsa abu biyu ne, da zamiya a tsakaninsu. Da shasi da bodi sun zama 4, mahaɗai 4, amsa 1. Wanda ya ɗauki silindar sanda guda zai samu sifili, kuma amsarsa tana da ma'ana: haka tifar take idan an kulle mai, bodin ya tsaya cak a sama. Sai dai ba wannan aka tambaye shi ba.

Sai kam mai ɗan gare a bakin mabiyinsa. Sanduna 4, a guda 3, b guda 1, amsa 2. Ɗalibi ya firgita ya goge. Lissafinsa daidai ne. Motsi na biyun juyawar ɗan garen ne a kan fin ɗinsa, ba ya ƙara wa aikin komai. A rubuta 2, a bayyana cewa ɗaya na banza ne.

Kuskuren da ya fi zurfi shi ne ɗaukar ƙa'idar kamar ba ta kuskure. Ba ta san tsawo ba, ba ta san kusurwa ba, ƙirga kawai ta iya. Ku tuna tsofaffin kawunan jirgin ƙasa masu tururi na Atbara. A zane mai sauƙi, ƙafafu uku ne a jikin gindi, sanda ɗaya doguwa ta haɗa su. Sanduna 5, mahaɗai 6, 12 − 12 = 0, wato ba ya motsi. Amma yana motsi, domin nisan kowane fin daga tsakiyar ƙafarsa ɗaya ne, kuma duk suna fuskantar gefe guda, don haka ƙafa ta uku maimaita sharaɗin biyun farko kawai take yi. Da za a tsawaita ɗaya kaɗan, sai komai ya cije, sifilin ya tabbata. Haka ma amsa ƙasa da sifili ba lallai kuskure ba ce. Tana iya nufin an ɗaure abin fiye da kima, sai an matsa kafin ya haɗu.

Saboda haka duk zanen da ka ga sanduna masu tsawo ɗaya a jere, dakata. Yanko kwali, huda shi, sa ƙusoshi a mahaɗan, danne gindin da hannun hagu, ka tura sanda ɗaya da na dama ka ga abin da zai faru.