Majajjawa da Kwanar Titi

Duk wanda ya taɓa gadin gero ko shinkafa lokacin da jan-baki suka sauka a gona ya san majajjawa. A ɗora dutse a kan fatar, a riƙe igiyoyin biyu, a yi ta wulwulawa sama da kai. To, mu tsaya nan. Me hannu yake yi a wannan lokaci? Ja yake yi. Igiyar ta miƙe tsam, hannu na janyo dutsen wajensa ba fashi. Da an saki igiya ɗaya, dutsen ba ya ƙara zagaye ko kaɗan. Yana tafiya ne sak, inda ya fuskanta a daidai lokacin da aka sake shi. Shi ya sa gwanin majajjawa yake gwaninta a wurin saki.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, duk abin da ke gudu, miƙaƙƙiyar hanya yake bi in ba a taɓa shi ba. Kafin ya yi zagaye, sai an samu wani ƙarfi da ke karkato shi zuwa tsakiyar da'irar. Ko da gudun bai ƙaru ba, bai ragu ba, fuskar tafiyar tana canzawa a kowane lokaci, kuma wannan canjin ba ya faruwa a banza. Za mu kira shi ƙarfin ja zuwa tsakiya. Isaac Newton, masanin nan na Ingila, shi ya bayyana dokarsa a 1687, ya kuma nuna cewa haka duniya take riƙe da wata daga nisan kilomita kusan 384,000, ba igiya.

Yanzu mu sauko titi, don nan ne abin ya shafi rayukanmu. Babur ko adaidaita sahu da ke shan kwana, ko yana zagaya shataletale, dutsen majajjawa ne. Igiyarsa kuwa ita ce riƙon da taya ta yi wa kwalta. Ba wani abu da ke juya shi sai wannan riƙon. Fasinjan mota yakan ji kamar ana tura shi waje, amma ba mai tura shi: jikinsa ne ke son wucewa gaba, mota kuma ta karkata, ƙofa ta tare shi.

Ga lissafin, a bi shi a hankali. A ninka gudu da kansa, a ninka da nauyi, a raba da tazarar da ke tsakanin abin hawa da tsakiyar da'irar da kwanar take bi. A ce babur da direba da fasinja sun kai kilo 200, kwanar kuma tazararta mita 20 ce. A gudun kilomita 36 cikin awa, wato mita 10 a kowace daƙiƙa: 10 sau 10 ɗari ne, sau 200 ya zama 20,000, a raba da 20, an samu 1,000 a ma'aunin ƙarfi da ake kira newton. Wannan ƙarfi ya yi daidai da nauyin buhun siminti biyu. Taya mai lafiya a busasshiyar kwalta za ta iya.

A ninka gudun ya zama kilomita 72. Da yawa za su ce buhu huɗu ke nan. A'a. 20 sau 20 ɗari huɗu ne, amsar ta koma 4,000, nauyin buhu takwas! Alhali taya irin tamu ba ta iya riƙon da ya wuce nauyin babur ɗin da abin da ya ɗauko, wato buhu huɗu, galibi ma ba ta kaiwa. Igiya ta tsinke ke nan. Babur zai miƙe sak kamar dutsen nan, ko cikin kwata ko gaban motar da ke tahowa. Abin yana damuna in na ji ana cewa kan babur ne ya ƙwace, ana ɗora wa hanya laifi, alhali gudun ne ya fi ƙarfin tayar tun kafin a shiga kwanar.

Taya mai sanƙo, yashi a bakin kwalta, ruwan farko na damina da ke haɗuwa da ƙura da baƙin mai, duk suna rage riƙon. A rage gudu kafin kwana, ba a tsakiyarta ba, domin birki ma daga wannan riƙon yake cin nasa kaso.

Aikin gida

Ku samu ƙaramin bokiti mai ƙaƙƙarfan mariƙi, ku zuba ruwa kaɗan, ku fita fili inda ba yara kusa. Ku wulwula shi sama da ƙasa da sauri, sannan ku riƙa rage gudu. Ku rubuta a littafinku inda bokitin yake a lokacin da ruwan ya fara zuba. Sai ku lissafa wannan: babur ɗin nan mai kilo 200, a gudun mita 10 a daƙiƙa, buhu nawa yake bukata in tazarar kwanar mita 10 ce kawai?